Jagora Kan Raunin Gindin Ƙoƙon Kai da na Jijiyoyi Bayan Haɗarin Mota ko Babur

Wanda ya faɗo daga kan babur ya karye a ƙafa, ƙashi a waje jini yana zuba, babu mai jayayya a kansa, nan take ake ɗaukarsa a nufi asibiti. Wanda ake yin sakaci da shi shi ne wanda kansa ya bugi kwalta, ya ɗan suma, ya farfaɗo, ya miƙe yana kaɗe ƙura daga rigarsa, jama'a suna ta yi masa barka da arziki. Idan an ga ɗan jini a kunnensa sai a ce ƙurjewa ce, a cusa auduga a toshe, a raka shi gida. Bayan kwana biyu sai a wayi gari kewayen idanunsa ya yi baƙi kamar wanda ya rambaɗa kwalli, ko bakinsa ya karkace, ko kuma wani farin ruwa yana ɗiga daga hancinsa duk sa'ad da ya yi ruku'u. A lokacin ne hankalin gida yake tashi, alhali sa'o'in da suka fi tsada sun riga sun wuce.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke rasa rayukansu a haɗurran hanya duk shekara, kuma raunin kai shi ne kan gaba a abin da yake kashe mahaya babur. Na rubuta wannan jagora ne domin waɗanda suka tsira da ransu, musamman domin mai jinyar da zai zauna a bakin gadonsu, saboda a irin wannan rauni, abin da mai jinya ya gani da idonsa a ranar farko, da lokacin da ya gan shi, sau da yawa shi ne yake nuna wa likita ko tiyata za a yi ko jira.

Yadda wurin yake

Ƙoƙon kai ya yi kama da ƙwaryar da aka kifa a kan faifai. Ƙwaryar ita ce saman kai da muke shafawa, faifan kuma shi ne gindin da ƙwaƙwalwa take zaune a kansa, wanda hannu ba ya kai gare shi domin yana ɓoye a bayan idanu, da saman hanci, da tsakanin kunnuwa, har zuwa ƙeya. Wannan gindin hawa uku ne kamar matakala, na gaba ya fi tudu, na baya ya fi zurfi, kuma cike yake da ƙofofi manya da ƙanana. Ta waɗannan ƙofofin ne jijiyoyi goma sha biyu a dama, goma sha biyu a hagu, suke fita zuwa hanci, ido, fuska, kunne, harshe da maƙogwaro, ta nan ne kuma manyan jijiyoyin jini suke shiga. A Hausa kalmar jijiya ta haɗa mai ɗaukar jini, da agara, da mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. A nan idan na ce jijiya kawai, mai kai saƙo nake nufi, ta jini kuwa zan ambace ta da sunanta.

Wurare biyu ne suka fi ba da matsala. Ƙashin da yake saman hanci siriri ne, mai huda-huda kamar rariya, don haka bugu kaɗan yake tsaga shi. Ƙashin da kunne yake ciki kuwa yana da tauri ƙwarai, amma a cikinsa aka adana kayan ji, da na daidaita tsayuwar jiki, da kuma jijiyar da take motsa fuska, wadda take bi ta wani matsattsen rami. Akwai kuma tantani mai kauri da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, wanda a gindin kai manne yake da ƙashi sosai. Idan ƙashin ya tsage yakan yage tantanin, sai ruwan da ƙwaƙwalwa take ciki ya sami hanyar fita, ƙwayoyin cuta na hanci da kunne kuma su sami hanyar shiga.

Mataki na farko: a bakin titi

A fara tsare wurin, a sa wani ya tsayar da motoci daga nesa, domin kada haɗari ɗaya ya zama biyu. Sannan a kira agaji. A Najeriya lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122, ta agajin gaggawa kuma 112, a Nijar ana kiran 'yan kwana-kwana a lamba 18. Wani ya duba agogo ya riƙe lokacin da abin ya faru, domin za a tambaya, kuma a ruɗewa mutane sukan manta.

Duk wanda kansa ya bugu har ya suma, a ɗauka wuyansa ma ya karye sai hoto ya nuna ba haka ba ne. Mutum ɗaya ya durƙusa a saitin kansa, ya riƙe kan da hannu biyu gefe da gefe, ya hana shi juyawa, kuma kada ya saki har sai an danƙa shi ga ma'aikatan lafiya. Idan yana sanye da hular kwano kuma yana numfashi lafiya, a bar masa ita. Ba a cire ta sai idan ta hana numfashi ko amai ya cika ta, kuma ko a lokacin mutum biyu ne za su yi, ɗaya yana tallafe da wuya, ɗaya yana zarewa a hankali. Idan ya fara amai ko jini yana taruwa a bakinsa, a juya shi gefe gaba ɗayansa kamar yadda ake juya gungume, kai da kafaɗa da ƙugu su tafi tare, mai riƙe da kai ne yake ba da umarnin juyawar.

Akwai abubuwan da muka saba yi da kyakkyawar niyya waɗanda a nan cutarwa ne. Kwarara wa sumamme ruwa a fuska, da jijjiga shi ana kiran sunansa, da zaunar da shi a jingine da taya, da ɗura masa ruwa ko madarar gwangwani wai don jini ya tsinke, duk a bar su. Wanda hankalinsa bai dawo sosai ba ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya, kuma ko da ya iya haɗiyewa, ciki mai abinci yana kawo cikas idan ana bukatar tiyatar gaggawa. Idan fatar kai tana zubar da jini a danna da tsumma mai tsabta, amma idan an ji ƙashin wurin ya lotsa, a danna gefen raunin kawai. Jini ko ruwan da yake fita ta kunne ko ta hanci kuwa, kada a toshe shi. A ɗora bandeji ko tsabtataccen ƙyalle a kai sako-sako, a bar shi ya fita.

Mataki na biyu: hanyar asibiti da abin da za a faɗa wa likita

Adaidaita sahu ita ce takan fara zuwa, amma ba ta dace da wannan majinyaci ba, domin sai an lanƙwasa shi kafin ya shiga. Idan babu motar asibiti, a-kori-kura ko bas da zai kwanta a miƙe ya fi, a kan allon katako ko ƙyaure, a naɗe zani ko rawani a tokare kansa dama da hagu. Idan numfashinsa yana sarƙewa a tsaya a asibiti mafi kusa, amma a sani cewa inda ake nufa a ƙarshe shi ne asibitin da yake da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta siti sikan da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da yake Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Masu tsoron ɗaukar wanda ba su sani ba saboda batun takardar 'yan sanda su san cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da agajin gaggawa.

Likita zai so ya san ƙarfe nawa abin ya faru, ta wane gefe kan ya bugu, ko ya suma da tsawon suman, sau nawa ya yi amai, ko ya yi jijjiga, ko yana tuna abin da ya faru, da kuma ko yana shan maganin tsinka jini. Lokacin yana da muhimmanci domin akwai maganin rage zubar jini mai suna taranekzamik asid, wanda wani babban bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna yana da amfani ga masu matsakaicin raunin kai idan an ba su shi cikin sa'o'i uku na farko.

Za a ji ma'aikatan jinya suna ambaton wata lamba tsakanin 3 da 15. Ma'auni ne da likitoci biyu suka ƙirƙiro a birnin Gilasgo a 1974, yana auna buɗe ido, da magana, da motsin gaɓoɓi. Mai 15 yana cikin hayyacinsa, daga 9 zuwa 12 matsakaicin rauni ne, 8 zuwa ƙasa kuwa mai tsanani ne wanda yakan bukaci a taimaka masa da numfashi. Mai jinya ya riƙa tambayar lambar yana rubutawa, domin saukarta ta fi ita kanta lambar ba da labari. Akwai wata jijiyar jini a gefen kai, sama da kunne kaɗan, wadda idan ta yanke mutum yakan farfaɗo ya yi hira lafiya lau na 'yan sa'o'i yayin da jini yake taruwa yana danne ƙwaƙwalwa, sai barci mai nauyi ya ɗauke shi. Idan majinyaci ya fara wuyar tashi daga barci, ko ɗigon baƙin tsakiyar idonsa ɗaya ya fi ɗayan faɗi, ko ɓarin jikinsa ya yi rauni, a kira likita nan take ko da tsakar dare ne.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna gindin ƙoƙon kai yadda ya kamata, don haka kada a ce an yi hoto an ga babu komai a koma gida. Duk wanda yake da jini a bayan dodon kunne, ko ruwa yana fita ta hanci ko kunne, ko ya yi jijjiga, ko ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko bai dawo hayyacinsa sosai ba bayan sa'a biyu, siti sikan yake bukata, kuma na san kuɗinsa yana da nauyi a aljihun talaka, amma a duk abin da za a kashe a wannan jinya shi ne wanda bai kamata a yi tsimi a kansa ba. Baƙin kewayen ido da kwanciyar jini a bayan kunne sukan yi kwana ɗaya zuwa uku kafin su bayyana, rashin ganinsu a ranar farko ba ya wanke majinyaci. Abu ɗaya kuma da mai jinya zai tuna wa duk wanda ya zo da robar abinci: mai karayar gindin kai ta baki ake zura masa ita, ba ta hanci ba, domin tana iya bi ta tsagar ta shiga cikin kai.

Mataki na uku: ruwan da yake ɗiga

Ruwan da ƙwaƙwalwa da laka suke ciki bai wuce kimanin mililita 150 ba a jikin babba, amma jiki yana sarrafa kusan rabin lita a kullum yana shanye tsohon, shi ya sa yoyon yake iya kwanaki bai ƙafe ba. Garai-garai yake kamar ruwan sha, ba shi da yauƙin majina, yawanci ta ƙofar hanci ɗaya yake fita, yana ƙaruwa idan an sunkuya, majinyaci kuma yakan ce yana jin gishiri-gishiri a maƙogwaro. Da safe a duba matashin kai. Idan ruwan ya gauraya da jini, za a ga jan tabo a tsakiya da wata da'ira mai haske ta kewaye shi. Wannan alama ba hujja ce yankakkiya ba, akwai gwajin da ake yi wa ruwan a ɗakin bincike, amma ta isa a nuna wa likita, kuma ya fi kyau a ɗauki hoton tabon da waya kafin a wanke rigar matashin.

Mafi yawan irin wannan yoyo yana tsayawa da kansa cikin mako guda ko kwana goma, matuƙar an bar tantanin ya haɗe. Bayan likita ya tabbatar wuya lafiya yake, majinyaci zai kwanta an ɗaga kan gadon kimanin digiri 30. Ba zai fyace hanci ba ko kaɗan, domin fyacewa tana tura iska da ƙwayoyin cuta cikin kai. Idan atishawa ta zo ya yi ta baki a buɗe. Ba zai ɗauki kaya ba, ba zai yi yunƙuri a bayan gida ba, shi ya sa ake ba shi maganin laushin ciki. Alwala zai yi ba tare da shaƙa ruwa ba, salla kuma a zaune ko a kwance da nuni, babu ruku'u babu sujada, wanda sauƙi ne da shari'a ta riga ta yi wa mara lafiya. Kunnen da yake yoyo ba a ɗiga masa komai, ko man zaitun ko maganin kemis, ba a sa masa tsinken auduga, kuma a kare shi daga ruwa a lokacin wanka.

Abin da ake gudu shi ne sanƙarau. Zazzaɓi, da ciwon kai mai ƙaruwa, da sanƙarewar wuya, da ƙin haske, da ruɗewa, kowanne daga cikinsu ya isa a koma asibiti a ranar. Kada a dogara da allurar riga-kafin sanƙarau da ake yi wa jama'a kafin bazara, domin ƙwayar cutar da ta fi shiga ta tsagar gindin kai daban take, irin wadda take kawo ciwon huhu ce, kuma tana da nata riga-kafin da ya kamata a tambayi likita a kansa. Sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis a ce don kariya ba shi da amfani, bincike bai nuna yana hana wannan sanƙarau ba. Idan yoyon ya wuce kwana bakwai zuwa goma, likitoci sukan rage ruwan ta wata siririyar roba da ake sakawa a gadon baya, ko su liƙe wurin da tiyata, wadda a yanzu sau da yawa ta cikin hanci ake yin ta ba tare da an buɗe kai ba.

Mataki na huɗu: gwada jijiyoyin kai safe da yamma

Nan ne aikin mai jinya ya fi yawa, kuma nan ne aka fi yin asara saboda rashin lura. Da zarar majinyaci ya iya bin umarni, a ce ya ɗaga gira, ya runtse ido da ƙarfi, ya yi murmushi haƙora a waje, ya hura kumatu, a ɗauki bidiyonsa da waya ana faɗin ranar da lokacin. Idan bai farfaɗo ba, a lura da yadda yake yamutsa fuska idan ana yi masa allura. Dalilin wannan ɗawainiya shi ne, shanyewar fuska iri biyu ce kuma maganinsu ya bambanta. Wadda ta zo nan take a lokacin haɗari, ɓarin fuska duk ya mutu, tana iya nufin jijiyar ta yanke ko gutsuren ƙashi ya soke ta, kuma likitan kunne da maƙogwaro zai duba yiwuwar tiyata. Wadda ta bayyana bayan kwana biyu ko biyar ko mako, alhali a farko fuskar tana motsi, kumburi ne ya matse jijiyar a raminta, kuma mafi yawan masu irin ta suna warkewa da magani da haƙuri. Idan babu wanda ya lura a ranar farko, sai likita ya zo bayan mako ya tarar da baki a karkace, babu wanda zai iya gaya masa wace iri ce.

A gida za a sami mai cewa shafar aljanu ce ko iska ce ta buge shi. Addu'a ba ta hana magani, amma kada a bar ta ta jinkirta ganin likita, kuma kada a yarda a tsaga fuskar ko a yi mata ƙaho. Maganin rage kumburi na sitiroyid da ake bayarwa don jijiyar fuska hukuncin likita ne shi kaɗai, domin wani bincike da aka yi a kan majinyata sama da dubu goma, aka wallafa a 2004, ya nuna cewa ba da shi da yawa ga mai raunin ƙwaƙwalwa ƙara mace-mace yake yi. Abin da ya rataya a wuyan mai jinya shi ne idon da ba ya rufuwa. Fuska tana iya dawowa bayan wata uku, amma idon da aka bari a buɗe cikin ƙura da iskar hunturu zai bushe ya yi gyambo cikin 'yan kwanaki. A riƙa ɗiga masa ruwan hawaye na kemis akai-akai da rana, da dare a sa masa man ido a rufe fatar da filasta mai laushi, idan za a fita kuma ya sa tabarau.

Ido ana gwada shi ɗaya bayan ɗaya. A rufe na dama da tafin hannu a nuna yatsu ya ƙirga, sannan a rufe na hagu, domin mutum yana iya rasa ganin ido ɗaya bai sani ba idan ɗayan yana aiki, musamman idan fatar ta kumbura ta rufe shi. Raguwar gani a sanar da ita a ranar. Sannan ya bi yatsa da ido sama da ƙasa, dama da hagu, ya faɗi inda abu yake rabuwa biyu. Jijiyoyi uku ne suke juya ido, kuma wanda ta huɗu a jerin jijiyoyin kai ta sami rauni za a ga yana karkata kai gefe, yana laluben matakala idan zai sauka. Gani biyu-biyu yakan gyaru da kansa, shi ya sa ake rufe ido ɗaya a jira wata shida zuwa shekara kafin a yi maganar tiyata. Amma idan ido ya yi ja ya fara turowa waje, majinyaci yana jin ƙara a kansa tana tafiya daidai da bugun zuciya, to babbar jijiyar jini ce ta fashe a bayan idon, wannan ba ta jira.

Ji kuwa, idan jini ne ya taru a bayan dodon kunne, yakan washe cikin 'yan makonni. A yi gwajin ji da na'ura bayan nan, domin idan ƙananan ƙasusuwan kunne ne suka goce ana iya gyara su, idan kuma can cikin kunnen ne ya lalace sai a nemi na'urar taimakon ji. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da take Kaduna don irin wannan aka kafa ta. Hajijiyar da take zuwa na 'yan daƙiƙoƙi idan an juya a kan gado tana da sauƙin magani, likita yana gyara ta da wasu juye-juyen kai bayan an tabbatar wuya lafiya yake.

Jin wari shi ne ake mantawa, sai an koma gida majinyaci ya ce miya ba ta da ɗanɗano. A rufe masa ido a kawo kanumfari ko ɓawon lemo kusa da kowace ƙofar hanci. Wasu yana dawo musu cikin watanni, wasu ba ya dawowa, kuma shinshina ƙamshi iri uku ko huɗu safe da yamma na tsawon watanni yana taimaka wa wasu. Wanda ya rasa shi ba zai ji warin gas ko hayaƙi ko abincin da ya lalace ba, sai mutanen gida su zama hancinsa. Daga ƙarshe a saurari muryarsa. Idan ta dushe, ko yana ƙwarewa da ya kurɓi ruwa, ko harshensa yana karkata gefe, a dakata da kunu da koko har sai an gwada haɗiyarsa.

Mataki na biyar: hannun da ya mutu da ƙafar da take ja

Ɗan acaɓa, ko ɗan kabu-kabu kamar yadda ake cewa a Nijar, idan ya faɗi kafaɗa ta bugi ƙasa kai kuma ya wullu ɗaya gefen, jijiyoyi biyar da suke fitowa daga lakar wuya su haɗu su shiga hannu sukan miƙe fiye da kima. Sai hannu ya saki yana lilo, babu karaya a hoto, amma ba ya ɗaguwa. Karayar damtse kuma takan taɓa jijiyar da take ɗaga wuyan hannu, gocewar ƙugu idan gwiwa ta bugi gaban mota takan taɓa babbar jijiyar cinya, bugun gefen gwiwa kuma yakan sa tafin ƙafa ya riƙa ja a ƙasa.

Raunin jijiya mataki-mataki ne. Wata suma kawai take yi ta farfaɗo cikin makonni. Wata zaren cikinta ne yake tsinkewa kwasfar tana nan, sai ta sake tsiro a hankali. Wata kuwa ta yanke gaba ɗaya, ko ta tumɓuke daga laka, wadda ba za ta haɗe da kanta ba har abada. A makon farko duk kamarsu ɗaya, shi ya sa ake yin gwajin lantarki na jijiya da tsoka bayan mako uku zuwa huɗu. Lissafin da ya kamata kowane mai jinya ya riƙe shi ne, jijiya tana tsiro kimanin milimita ɗaya a rana, wato tazarar santimita 30 za ta ci kusan wata goma, ita kuwa tsokar da ta rasa jijiyarta, bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ta ƙara karɓar saƙo ko da jijiyar ta iso. Saboda haka ne likitoci suke son yin tiyatar ɗinki, ko dashen jijiya daga ƙwauri, ko karkato wata lafiyayyar jijiya zuwa tsokar da ta mutu, tsakanin wata uku zuwa shida. Wanda ya yi shekara yana zagayen masu magani kafin ya isa asibiti irin na ƙashi da yake Dala a Kano, abin da za a iya yi masa ya ragu ƙwarai. Idan fatar idon ɓangaren da hannun ya mutu ta ɗan sauko, baƙin tsakiyar idon kuma ya ƙanƙance, alama ce ta tumɓukewa daga laka, kuma jira ba shi da fa'ida.

Maɗori yana da matsayinsa a wurin jama'a, amma hannun da jijiyarsa ta mutu babu abin ɗorawa a cikinsa, kuma ɗaurin kara mai tsauri a gaɓar da ba ta jin zafi yana iya tsayar da jini har ta ruɓe majinyaci bai ji komai ba. Haka gashi da ruwan zafi ko garwashi, da yawa sun ƙone ba su sani ba. Abin da ake so shi ne a rataye hannun da majanyi don kada nauyinsa ya janye kafaɗa, a riƙa lanƙwasa kowace gaɓa ana miƙewa sau da yawa a rana kamar yadda likitan gashin ƙashi ya nuna, daga kafaɗa har yatsu, domin jijiyar da ta dawo ta tarar da gaɓa ta sandare ba ta da abin motsawa. Zugin jijiya, mai kama da wuta ko jan lantarki, ba ya jin maganin ciwon jiki na yau da kullum, yana da nasa magungunan da likita yake rubutawa. Tiramadol kuwa a guje shi, yana kawo jijjiga ga mai raunin kai, yana kuma ɓoye barcin da ake son a lura da shi.

Mataki na shida: bayan sallama

A kwanakin farko farasitamol ne maganin ciwon kai, asfirin da ibufurofen da dikulofenak suna ƙara zubar jini, ba a shan su sai likita ya yarda. Kada majinyaci ya kwana shi kaɗai, kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya hau jirgin sama har sai an ba shi izini, domin iskar da ta shiga cikin kai tana buɗewa a sama. Mantuwa, da saurin fushi, da rashin barci sukan biyo baya na makonni, iyali su yi masa uzuri. Ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari, ko kasala mai tsawo, ko ɗaukewar al'ada ga mace, ko raguwar sha'awa ga namiji bayan watanni, suna iya fitowa daga wata 'yar ƙaramar halitta mai sarrafa sinadaran jiki da take zaune a tsakiyar gindin kai, kuma gwajin jini yana gano matsalar. Ranar da aka ba shi izinin komawa kan babur, hular kwanon da ta riga ta sha bugu a jefar da ita a sayi sabuwa, a kuma ɗaure igiyarta a haɓa.

Takardar sallama da faifan hoton ƙwaƙwalwa a ajiye su inda ake ajiye takardun gida. Tsagar da ta yi kamar ta haɗe tana iya sake yoyo ko ta kawo sanƙarau bayan watanni, wani lokaci bayan shekaru, don haka duk likitan da zai duba wannan mutum kan zazzaɓi da ciwon kai, ko kan murar da take fita ta hanci ɗaya, a fara gaya masa cewa ya taɓa karyewa a gindin ƙoƙon kai, a kuma miƙa masa hoton.